Sifanar Laftanar Walter

A duk shekarun da na yi ina aiki a maƙabarta, ranar da na kasa mantawa da ita ita ce wata Alhamis a ƙarshen watan Mayu, lokacin da manajarmu ta tara mu a ƙofar ofis ta ce an yi sata a kan kabari, alhali abin da ake cigiya yana cikin aljihun wandona na baya. Yanzu da na kusa ajiye aiki, kuma ƙannenmu 'yan ƙasarmu har huɗu sun shigo wannan sana'a ta hannuna, gara in ba da labarin da bakina. Idan na bar wa abokin aikina Yakubu, gishirin da zai zuba masa sai ya fi labarin yawa.

Sunana Sale. Kafin in zo Amurka bakanike ne ni a Funtuwa, shekara goma sha tara ina ƙarƙashin manyan motoci. Da na sauka a Greensboro na fara da aikin ɗaukar kaya a wani sito da ke Wendover Avenue, har bayana ya fara ƙorafi. Yakubu, wani ɗan Zonkwa da muka saba da shi a wajen wani bikin suna, shi ya ce mini maƙabartar da yake aiki, can arewacin gari a hanyar Summerfield, tana neman wanda ya san inji. 'Yan'uwa sun yi ta zolayata a masallaci, wai Malam Sale ya koma gadin matattun Nasara. Na ce musu matattun nan ba su taɓa yi mini tsawa ba, abin da ba zan iya faɗa game da masu sito ba.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda tsarin yake. Akwai manaja a ofis, a lokacin wata mata ce mai suna Rhonda, ita ke magana da iyalan mamata da riƙe takardu. A ƙarƙashinta akwai foman, shi ke raba aikin fili: yanke ciyawa, haƙa kabari da mota, daidaita duwatsun da ake kafawa a kan kabari da sunan mamaci in sun karkace, gyaran famfuna. Sai mataimakin foman, sannan sauran ma'aikata. Foman ɗinmu wani dattijo ne, Mista Earl, wanda ya san kowane kabari kamar yadda mutum ya san gidajen unguwarsu. A waccan shekarar an yi masa aiki a gwiwa a farkon Mayu, sai aka ɗaga ni zuwa mataimakin foman, aka ce in riƙe filin har ya dawo. Mako biyu kacal na yi a kan kujerar kafin abin ya faru.

Mayu kuwa shi ne watan da ba a zama. Litinin ta ƙarshe a watan ita ce ranar da ƙasar nan ke tunawa da sojojinta da suka mutu a yaƙi, kuma muna da sashe guda na sojoji a kan wani ɗan tudu. Dole kafin ranar a yanke ciyawa, a wanke duwatsu, a share hanya, domin ranar Asabar masu aikin sa kai za su zo su kafa wa kowane kabari 'yar tuta. Akwai kuma doka a rubuce game da abin da iyali suka ajiye a kan kabari. Furen da ya bushe ana kwashewa. Amma duk wani abu mai ɗorewa, hoto ne ko 'yar tsana ko kofi, ba a taɓa shi sai in zai hana inji wucewa; in kuwa an ɗaga, sai a ɗauki hotonsa, a rubuta lambar kabarin, a kai ofis. Wanda ya sa irin wannan abu a aljihunsa, ko a motarsa, kora ce babu doguwar magana. Na san dokar, na sa hannu a kanta, har ina karanta wa sababbin ma'aikata.

Da safiyar Talata ina zagaye a sashen sojoji, sai na hango wani ƙarfe a gindin wani dutse. Na sunkuya na ɗauka. Sifana ce, tsohuwa, irin mai bakin nan da ake buɗewa ko a tsuke ta hanyar murza wani ɗan dunƙulen ƙarfe da babban yatsa. Tsatsa ta cinye ta, tsohon maiƙo ya daskare a jikinta ya yi baƙi ƙirin, bakin kuma ya ƙafe, ko motsi ba ya yi. Amma da na jinjina ta a hannu na san ƙarfen kirki ne, irin wanda ba a yi yanzu.

Nan take raina ya ɓaci. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba abin da na tsana kamar a yar da kayan aiki a ciyawa. In wuƙar injin yanke ciyawa ta daki irin wannan ƙarfe, ko dai wuƙar ta karye ko ƙarfen ya yi tsalle ya sami ƙafar mutum. Ko sau ɗaya ban kalli dutsen ba, balle in karanta abin da aka rubuta a kansa. A wajenmu kabari ƙasa ce da aka tara, in an yi alama an yi, mai ziyara ya yi addu'a ya tafi da hannunsa kamar yadda ya zo. Na dai koyi cewa mutanen nan suna ajiye fure da hoto. Amma sifana? A kaina sifana ba kayan kabari ba ce, kayan aiki ce, kuma wani malalaci ne a cikin yarana ya manta da ita.

Da aka tashi cin abincin rana na ɗaga ta sama a gabansu na yi ta faɗa. Babu wanda ya ce tasa ce. Na juya kan Yakubu, don shi ya yanke wannan layin.

Ya ce da Hausa, “Haba Oga, dubi abin nan mana. Wannan ai ta girmi babana. A ina zan same ta?”

Na ce, “To aljanu ne suka zo gyaran mota suka manta da ita?”

Ya yi dariya ya ce, “Tun da aka ba ka wannan promotion ɗin ba mu huta ba. Allah ya dawo mana da Mista Earl lafiya.”

Da yamma, bayan an tashi, na zauna a shagon gyaranmu na yi wa sifanar abin da kowane bakanike zai yi mata. Na jiƙa ta a kananzir, na bi ta da buroshin waya, na goge da samfefa mai laushi, na ɗiga mata mai. Sai da na kusa awa ɗaya ina lallashin bakin kafin ya saki. Da ya saki kuwa, ya riƙa tafiya sumul, yana wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Washegari Laraba na samo mata aiki. A gefen sashen sojoji akwai wani tsohon famfo inda iyalai ke ɗiban ruwan zuba wa fure. Ya fi shekara biyu a kulle saboda yoyo, don notin da ke wuyansa wani irin tsohon girma ne da babu sifanar da ta dace da shi a akwatinmu, kuma kullum ana cewa za a kira mai gyaran famfo. Tsofaffi sai su riƙa ɗauko ruwa a jarka daga mota suna hawa tudun da shi. Na ɗora wannan sifana a kan notin, na murza ta kama shi cif. Na kwance, na canza robar ciki, na ɗaure, na buɗe ruwa. Ko ɗigo babu. Na soke ta a aljihun baya ina ji da kaina, ina ta jiran wani ya lura ya yaba.

To, sai ga Alhamis. Wajen ƙarfe biyu Madam Rhonda ta kira mu duka ta rediyon hannu. Da muka iso, a kan bencin ƙofar ofis akwai wata tsohuwa farar fata, siririya, da sanda a jingine a gwiwarta da furanni a cinyarta. Madam ta ce wannan ita ce Mis Loretta daga Summerfield. Ta ce kowace shekara, mako guda kafin ranar tunawa, takan kawo wani abu na yayanta ta ajiye a gindin dutsensa, bayan ranar ta zo ta ɗauke. Mista Earl ya san da haka, shi yakan gargaɗi masu yanke ciyawa da baki, shi ya sa ba a taɓa rubutawa ba. Ranar Litinin ta ajiye, yau ta zo babu.

Tsohuwar ta ce, “Sifana ce kawai. Ba ta da amfani ga kowa, ko juyawa ba ta yi. Amma hannunsa na jikinta. Tun ranar da ya bar ta a hannuna ban bari an wanke ta ba.”

Na ji nauyin ƙarfen nan a aljihuna kamar an ɗaura mini bulo. Rigar aikina doguwa ce, ta rufe aljihun. Sauran ma'aikatan da na yi wa faɗa ranar Talata duk suka sunkuyar da kai, babu wanda ya dube ni, babu kuma wanda ya tona. Madam ta ce ta ba mu zuwa ƙarfe huɗu. In ba a samu ba, za ta rubuta rahoto, ta kira 'yan sanda, kuma za a fara da wanda takarda ta nuna ya yanke wannan layi. Wato Yakubu.

Muna komawa bayan shago Yakubu ya jawo ni gefe.

Ya ce, “Oga, saurara. Ka kai sifanar nan can cikin dogayen ciyawar bakin shinge ka yar. Ni zan je in ce na tsinta. Inji ne ya ture ta, shi ke nan. Case closed.”

Na zaro ta na nuna masa. Tana ƙyalli a rana kamar yau aka sayo ta.

Ya dafe kai ya ce, “Wayyo Allah. Me ka yi mata haka?”

“Gyara ta na yi.”

“To mu shafa mata laka da baƙin mai. Tsohuwa ce, idonta ba zai gane ba. Malam Sale, kana da iyali. Ni in an tambaye ni sai in ce ban gani ba, ba su da evidence a kaina.”

Gaskiya na tsaya na yi tunanin shawarar, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban yi ba. Na wuce shekara hamsin a lokacin, bayana ba zai koma sito ba, kuma wanda aka kora da sunan ya ɗauki abu a kan kabari, ina zai kai wannan suna a garin da 'yan gida duk mun san juna? Amma na tuna yadda matar nan ta ce hannunsa na jikinta. Wato in shafa wa sifanar baƙin man injin yanke ciyawa, tsohuwar ta ɗauka ta kai gida ta ci gaba da adana shi a matsayin hannun yayanta har ta mutu. Wannan ya fi ƙarfina. Na ce wa Yakubu ya koma bakin aikinsa.

Na sami Madam da tsohuwar a cikin ofis. Na ajiye sifanar a kan tebur, na faɗi komai yadda ya faru, tun daga Talata har famfon Laraba. Madam Rhonda ta rufe ido ta yi ajiyar zuciya. Kowa a wajen Mis Loretta yake ce wa tsohuwar, amma ni bakina bai iya kiran mace mai shekarun mahaifiyata da sunanta, sai na ce, “Mama, ki yafe mini. Ban sani ba. Ban karanta dutsen ba.”

Ta daɗe tana kallon sifanar ba ta taɓa ta ba. Sannan ta ce a hankali, “Ka wanke ta.”

Na ce, “Na wanke ta, Mama.”

Ta buɗe jakarta, ta sa sifanar a ciki, ta dogara sandarta ta fita. Ko furannin ba ta kai kan tudun ba, a kan benci ta bar su. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Madam ta bi ƙa'ida, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce dole ta dakatar da ni har masu maƙabartar su duba rahoto bayan hutun ranar tunawa. Na miƙa makullan shago da na motar akori-kura da katin shaidata. Ta ce mini, “Sale, zan rubuta cewa kai ka kawo kanka. Iyakar abin da zan iya ke nan.” Kafin in fita daga harabar na roƙi izini na ɗauki furannin nan na hau tudun. Wannan ne karo na farko da na karanta dutsen. Sunansa Walter. Ƙaramin laftanar, injiniya, sojan ruwa na ko-ta-kwana, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙasa an rubuta cewa ya ɓace a teku. Ashe ma babu kowa a ƙarƙashin dutsen. Na ɗebo ruwa a famfon da na gyara na zuba wa furannin, na tafi gida.

Juma'a na je masallaci ban gaya wa kowa ba. Matata Binta kaɗai ta sani, ita ma cewa kawai ta yi, “Kai da kayan ƙarfe, Allah ya shirye ka.” Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Madam Rhonda ce. Ta ce Mis Loretta ta kira, tana so in zo ranar Litinin bayan an gama taro, in same ta a wajen dutsen. Na tambaya ko ta faɗi dalili. Ta ce ba ta faɗa ba.

Ranar Litinin na sa kaftanina na je, tun da ba ni da ikon sa rigar aiki. Tudun ya cika da 'yan tutoci, an busa ƙaho, mutane sun fara watsewa. Na same ta zaune a kujerar naɗewa kusa da dutsen, sifanar a cinyarta. Ta nuna mini ciyawa ta ce in zauna. Na durƙusa a gefenta.

Ta ce, “Daren Alhamis na yi fushi da kai sosai. Ina so ka san haka.”

Na ce, “Kina da gaskiya, Mama.”

“Juma'a da safe na zauna a teburin kicin na ciro ta don in ga ɓarnar da ka yi. Sai yatsana ya taɓa nan.” Ta murza ɗan dunƙulen, bakin sifanar ya buɗe, ya yi 'yar ƙarar nan tasa. “Rabon da in ji wannan ƙara tun ina 'yar shekara tara. Na manta ma tana yi. Ina jin ta sai ga shi tsaye a gabana, ya naɗe hannun riga, yana yin fito da bakinsa. Shekara da shekaru ina ƙoƙarin tuna fuskarsa ba ta hoto ba, ban iya ba sai ranar Juma'a.”

Daga nan ta ba ni labarinsa. Walter shi ne babba a gidansu, ita ce auta. Injiniya ne a wata masaƙa a nan Greensboro, shi ke kula da tukunyar tururi da injinan da ke juya masaƙar. Sojan ko-ta-kwana, ga wanda bai sani ba, mutum ne mai sana'arsa ta farar hula wanda ya ba da sunansa, in yaƙi ya taso a kira shi. Da aka kira shi aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa, aka tura shi ɗakin injin wani jirgin ruwa, can ƙasa inda ba a ganin rana. Ta ce mahaifiyarsu har daɗi ta ji, wai tun da ba bindiga zai riƙe ba, aikinsa dai na masaƙa zai ci gaba da yi.

Zuwansa hutu na ƙarshe ya tarar famfon rijiyar gonarsu ya lalace. Ya ɗauko wannan sifana ya tafi gyara, ita tana biye da shi. Ya ɗora sifanar a kan noti, ya kama hannuwanta biyu ya ɗora a kai, ya ce, “Riƙe nan, kada ki saki sai na ce.” Ya gama ɗaure nasa ɓangaren, ruwa ya zo, sai uwarsu ta ƙwala kiran abinci. Ya ruga ciki yana dariya, ita kuma ta bi shi da sifanar a hannu. Washegari da sassafe ya tafi.

Ta ce, “Bai taɓa cewa in saki ba.”

Bayan wasu watanni aka aiko musu da saƙo cewa an nutsar da jirgin. Daga baya wani daga cikin waɗanda suka tsira ya rubuto wa iyayensu wasiƙa. Ya ce bayan an daki jirgin fitilu ba su mutu ba, injinan zuƙe ruwa kuma suka ci gaba da aiki, har waɗanda ke sama suka sami damar sauke ƙananan jiragen ceto. Mutanen ɗakin inji ba su fito ba. Ta ce ita dai abin da aka karanta musu ke nan, ba ta taɓa fahimtarsa sosai ba.

Ni kuwa na fahimta, don aikina ne. Na ce mata, “Mama, inji ba ya ci gaba da aiki shi kaɗai a cikin ruwa. In fitila ba ta mutu ba, to akwai mutum tsaye a wajen yana riƙe da ita da hannunsa, kuma ya san inda matakalar fita take.” Ta dube ni ta daɗe, hawaye na bin fuskarta, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Mutumin da ban taɓa gani ba, ba addininmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, amma na san ƙamshin wajen da ya tsaya, na san zafinsa.

Da ta share ido ta ce in kai ta ta ga famfon. Na riƙe mata hannu muka gangara. Wata mata na cika bokiti a wajen, wani tsoho mai hular tsofaffin sojoji na jiran layi. Mama ta buɗe famfon da kanta, ta tara hannu, ta rufe, ta sunkuya tana duba ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba.

Ta ce, “Shekara biyu ina hawa tudun nan da jarka. Ashe maganin abin yana cikin jakata.” Ta yi 'yar dariya. “Da Walter ya ga yadda na bar ta ta yi tsatsa, da ya fi ka faɗa.”

Sannan ta gaya mini abin da ya sa ta kira ni. A ƙarshen bazara za ta koma gidan kula da tsofaffi, an riga an karɓe mata tuƙi, jikarta ce ke kawo ta, ita ma za ta koma wata jiha. Ba ta san wanda zai riƙa kawo sifanar ba, kuma 'ya'yanta, in ji ta, a kwali za su sa ta su manta. Ta kamo hannuna na dama ta ɗora mini ita, ta naɗe yatsuna a kai da nata hannuwan biyu.

Ta ce, “Ka yi aiki da ita. Amma duk Mayu ka kai masa ita ta yi mako guda. Riƙe, ɗana.”

Na ce, “Mama, ni fa an dakatar da ni. Ban san ko zan dawo ba.”

Ta ce, “Na riga na yi magana da Rhonda. Na ce mata in sun kore ka, su shirya tono iyayena da mijina su ba ni, in kai su wani wajen.”

Ranar Laraba aka maido mini da makullaina. An ba ni takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗina har yau, kuma na cancance ta. Madam Rhonda ta sa aka buɗe littafi na musamman, aka zaunar da Mista Earl da gwiwarsa a naɗe ya faɗi duk irin waɗannan al'adu na iyalai da ke cikin kansa, aka rubuta. Ashe suna da yawa: mai ajiye ƙugiyar kamun kifi, mai ajiye kwalbar lemo ba a buɗe ba, mai ajiye allurar saƙa. Yakubu kuwa ya samu abin zolaya na shekara goma. Har yau in ya ga ina goge wani abu sai ya ce, “Oga, ka karanta dutsen?”

Mama Loretta ta ga Mayu biyu bayan wannan. Duk biyun ni na je na ɗauko ta daga gidan tsofaffin a motata, Binta na zaune da ita a baya. Da ta rasu, ni na auna na ja layin da za a haƙa kabarinta, a sashen da ke fuskantar tudun. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da ita. Ina gode wa Madam Rhonda da ta rubuta gaskiya ba ta ƙara ba ta rage ba, da Yakubu da ya yarda ya ɗauki zargi saboda ni, ko da yake shawararsa ta banza ce.

Ku da kuka shigo aikin nan, abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Za ku ɗauka ciyawa kuke yankewa. Ciyawar ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Duk abin da kuka gani a gindin dutse, komai ƙanƙantarsa, komai rashin kyansa, wani ne ya tuƙo mota ya kawo shi, kuma yana da dalilin da ba ku sani ba. Mutanen nan ba yadda muke tuna namu suke tuna nasu ba, amma ciwon ɗaya ne. Ku tsaya ku karanta sunan kafin ku miƙa hannu. Ni ƙwarewata ce ta kusa kai ni ƙasa, don na san ƙarfe har na manta in tambayi na wane ne.

Sifanar tana rataye a shago, a ƙusar da na shafa wa jan fenti. Duk wanda ke bukatarta ya ɗauka, ya goge, ya mayar. Famfunan maƙabartar nan babu wanda ba ta taɓa ba. Mako guda kafin Litinin ta ƙarshe a Mayu, a kai ta gindin dutse na uku a layin sama, a gaya wa mai yanke ciyawa, ranar Talata a ɗauko ta a sa mata mai.

Ranar da zan miƙa makullai, Yakubu zan ba, tun da shi ne foman yanzu. Na san zai yi dariya ya ce in bar wa'azi. Zan dai kama hannunsa in ɗora masa sifanar, in ce ya riƙe. Ni ma ba a ce mini in saki ba.